Gargaɗi ga masu son haɗa tankin kifin teku da murjani: akwai mai sayar da fitilar bogi

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda yake da niyyar haɗa tankin kifin ruwan gishiri a gida ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko sisi, don ni an yi min kuma har yanzu abin yana ci min rai.

Wani mutum ne yake talla a Instagram da gurup-gurup na WhatsApp, ba zan kama suna ba don sunan shafin ma canza shi yake yi, ku dai riƙe salon. Cewa yake yana da cikakken saiti, tankin gilashi lita 60, fitila, famfo, gishiri, dutse, kifi biyu, anemoni (wata dabbar teku mai kama da fure) da 'yan murjani masu rai, duka a farashi ɗaya mai sauƙi, wai yau ka haɗa yau ka zuba kifinka. Bidiyoyinsa kuwa masha Allah, ashe na wasu ne ya kwaso ya yanke sunansu daga ƙasa. Na ce mu yi bidiyo kol in ga shagon ya ce netwok, washegari ya ce yana hanya, ni kuma zumuɗi ya hana ni tsayawa, kuɗin da na yi wata huɗu ina tarawa na tura masa tiransifa, kwana uku direba ya kira ni in zo tasha in ɗauki kaya.

Fitilar ita ce babbar cutar, kuma a nan yake kama mutane saboda yawancinmu muna ɗauka in dai haske shuɗi ne shikenan. Murjani dabba ne ba dutse ba ne, a cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su suke haɗa abinci da haske su ciyar da shi, in haske bai kai ba yunwa ce za ta kashe shi a hankali yana gabanka. Shuɗin da suka fi amfana da shi yana tsakanin nanomita 420 zuwa 470 a ma'aunin launin haske, kuma ƙarfinsa a cikin ruwa da mita ake aunawa, abin da ake kira PAR. Murjani masu laushi suna rayuwa a wajen 50 zuwa 150, masu tauri masu rassa kuwa sai 200 zuwa sama. Idonka ba zai taɓa gaya maka wannan ba wlh, fitila za ta iya haske ɗaki tar amma a ƙasan tanki ba komai.

Kwalin da ya turo min tambarin AI Prime ne a jiki, wata fitilar tankin murjani ta kamfani. Ta gaskiyar da manhaja ake sarrafa ta a waya, tana da fanka a ciki, kuma tana jan wuta wat hamsin da wani abu. Tawa da na ɗaga ta ba nauyi ko kaɗan, maɓalli ɗaya ne kunna da kashewa, na yi ta neman ta a waya har dare ba ta fito ba, na duba adaftar na ga wat 12 aka rubuta. Da na kai wa mai gyaran rediyo a unguwarmu ya kwance ta sai ya ɗago ya kalle ni ya ce Alhaji nawa ka saya? Zaren fitilun ado ne irin wanda ake zagaye allon shago da shi, an yanka an manna da gam a cikin roba, ko ƙarfen shanye zafi babu.

Gishirin ma a farar leda ya zo ba suna ba komai. Gishirin tankin teku haɗi ne, akwai kalsiyom da magniziyom da kabonet a ciki waɗanda murjani yake gina ƙashinsa da su, kalsiyom ɗin ana so ya kai wajen miligiram 420 a kowace lita. Da wani da ya daɗe a harkar ya zo da kayan gwajinsa ya auna ruwana ko kusa bai kai ba, gishirin miya ne aka ɗan cakuɗa da na gaske. Kuma mai sayarwar cewa ya yi in zuba kofi kaza a ruwan burtsatse, alhali ana so ruwa ya zama tatacce na injin tace ruwa da ake kira RO, a auna gishirin da na'urar auna gishirin ruwa, rifraktomita, ya tsaya a 1.025, wato kusan giram 35 a kowace lita.

Maganar yau ka haɗa yau ka zuba kifi kuwa ita ce ta fi ba ni takaici, don rai ne ya salwanta. Sabon tanki sai ya yi sati huɗu zuwa shida ruwa yana zagayawa ba kifi, har ƙwayoyin bakteriya su zauna a jikin dutse su riƙa juya amoniyar kashin kifi mai guba zuwa nitrait sannan nitret mai sauƙin illa. Shi ya san haka sarai. Anemoni kuma sai tanki ya yi aƙalla wata shida. Wanda ya turo min rawaya ne shar kamar an zuba masa kurkur, ni ina ta murna, ashe ya riga ya koɗe ya yi fari aka rina shi, lafiyayyen irinsa launin ƙasa-ƙasa yake. Kwana biyar ya saki dutse ya narke, ruwa ya yi fari kamar tsinkakken koko, wari ya cika falo. Kifayen nan biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, 'yata har ta raɗa musu suna, da asuba na fito na tarar da ɗaya kwance a kan yashi ɗayan yana saman ruwa yana ta buɗe baki, kafin a tafi makaranta shi ma ya tafi. Ita ta ɗebo su da cokali ta binne a gindin bishiyar darbejiya.

Sannan ko sau ɗaya bai gargaɗe ni a kan zafi ba. Ruwan tankin murjani digiri 24 zuwa 26 ake so, in ya haura 30 ya daɗe murjani koɗewa yake, mu kuma nan Kano a watan Afrilu zafi yana wuce 40. Dole ne ka tanadi injin sanyaya ruwa ko ɗaki mai AC, da inbata ko batir da zai riƙe famfo in an ɗauke wuta, don famfo na tsayawa iskar cikin ruwa take fara ƙarewa. Na tambaye shi tun farko ya ce ai kifin teku jure wa komai yake.

Da na kira shi na faɗa masa abin da ya faru sai ya ce ruwana ne ba kyau, in ƙara turo kuɗi ya aiko min da wani magani shuɗi a kwalba. Allah Ya taimake ni na tambayi wancan bawan Allah da ya auna min ruwa, ya ce kar in kuskura, irin wannan shuɗin yawanci maganin jan ƙarfe ne, ana yi wa kifi amfani da shi a tanki daban amma yana kashe murjani da anemoni da jatan lande tas, har dutsen ma ya sha shi ya lalace. Ina tura masa hoton fitilar a kwance ya yi bulokin ɗina.

In za ku sayi fitila ku ce a kunna ta a bidiyo kol a haɗa ta da manhajar a gabanku, a nuna muku lambar jikinta da rubutun adafta, gishiri kuma ya zo a rufe cikin bokiti ko ledar kamfani, kuma duk wanda ya haɗa muku kifi da sabon tanki a mota ɗaya ku bar masa kayansa. Na kai ƙorafi banki da risit da sikirinshot ɗin hirarmu gaba ɗaya, sun karɓa sun ce in jira. Wanda duk aka yi wa irin wannan dan Allah kar ya goge hirar, ya yi min magana ta inbos mu haɗa takardunmu mu kai wa hukuma tare, mu uku ne yanzu.