Na'urar auna zafin ruwan kogi da na siya, bayan wata takwas tana cikin ruwa

Tunda mutane suna ta tambayata ko abun nan yana aiki bari in faɗi abunda na gani. Ƴar ƙaramar na'ura ce, bata kai kwalin ashana ba, roba ce mai tauri ruwa baya shiga, kana saita mata lokaci a waya ta Bluetooth sai ka jefa ta kogi ta dinga rubuta zafin ruwa da kanta, ni na sa mata duk minti 15. Guda biyu na siya, ɗaya na ɗaure a sama kafin ruwa ya shiga tafkin dam, ɗayar kuma a ƙasa inda injinan lantarki ke sako ruwa.

Dalilina shine da can ma'aunin hannu nake amfani dashi, in tsoma in duba in tafi, ashe yaudarar kaina nake, don kogin da ke ƙasan dam ba ya da zafi ɗaya, abunda ka gani da hantsi ba shi zaka gani da daddare ba in an buɗe injina saboda mutane sun kunna wuta. Ranar da na fara sauke bayanan wallahi sai da na zauna a bakin ruwa na daɗe ina kallon waya. Layin zafin da na'urar sama ta zana yana hawa da rana yana sauka da dare kamar numfashi, na ƙasa kuwa kusan a kwance yake, sai dai can ka ga ya faɗo lokaci ɗaya, wato an sako ruwan ƙasan tafki kenan. Ruwan tafki mai zurfi hawa-hawa yake, na sama rana ta dafa shi, na ƙasa sanyi ƙalau, kuma yawancin bakin injinan a ƙasa suke jan ruwa.

To kifi ba kamar mu bane, jikinsa zafin ruwa yake bi, cin abincinsa da girmansa da lokacin saka ƙwai duk ruwa ne ke faɗa masa, in ka sauya masa zafi ka rikita masa kalanda. A kogin Yangze na Sin wasu manyan kifaye iri huɗu da ake kira carp basa saka ƙwai sai ruwa ya kai wajen digiri 18 a ma'aunin Celsius, kuma tunda aka yi katafaren dam ɗin nan na kwazazzabai uku ruwan ya koma makara wajen yin ɗumi, kifin ma ya koma makara. A Amurka kuma dam ɗin Gilen Kanyon da aka toshe kogin Kolorado dashi a 1963, ruwan da a da yake zuwa kusan daskarewa da sanyi ya kuma yi ɗumi sosai da zafi, ya koma wajen digiri 8 shekara zagaye, wani kifi mai doro ɗan asalin kogin ya kasa hayayyafa a wurin sai dai ya fake a ƙaramin reshe mai ɗumi. Abun dariya abun tausayi, da ƙarancin ruwan sama ya sa tafkin ya ja baya ruwa mai ɗumi ya fara fita, sai baƙin kifaye masu cin ƴan uwansu suka samu hanya, a 2022 aka ga ƴaƴansu a ƙasan dam ɗin. Sanyi matsala, ɗumi matsala.

Yanzu aibunta. Bluetooth baya ratsa ruwa, dole sai ka ciro ta kafin waya ta ganta, kuma manhajar tana da nawa, wani lokacin sai na kashe na kunna sau uku ina tsaye cikin laka har gwiwa. Gansakuka tana lulluɓe ta cikin ƴan makonni, sai ka tafi da tsohon buroshi. Igiyar da tazo da ita kuwa ta banza ce, ranar da aka saki ruwa da ƙarfi saura ƙiris in rasa ta ƙasan, na same ta maƙale a saiwar bishiya igiyar ta tsinke saura zare biyu, tun daga nan waya ta ƙarfe nake sa mata in zura ta cikin guntun bututun roba in ɗaure da dutse, bututun yana kare ta daga rana ma don in rana ta doke ta kai tsaye a ruwa mara zurfi ƙarya zata rubuta maka. Batir dai ban canza ba har yanzu, nan kam sun yi ƙoƙari. Kafin in jefa su na gwada su a kofin ƙanƙara da ruwa, duk biyun suka tsaya daf da sifili, hankalina ya kwanta.

Babban abunda bata yi shine bata auna iskar oksijin, kuma nan ne mutum zai ruɗe, don mun san ruwan ɗumi baya riƙe iska da yawa sai ka ga layi yayi ƙasa kace alhamdulillahi ruwan sanyi kifi zai ji daɗi, alhali ruwan ƙasan tafki duk sanyinsa sau da yawa ba iska a cikinsa saboda ruɓaɓɓen ganye ya shanye ta, kifi sai ya taso yana haki a sama. Wannan sai ka nemi wani ma'aunin daban.

Zan bata huɗu cikin biyar. In zaka siya kar ka siyi ɗaya, layi ɗaya ba abunda zai gaya maka sai ka jera shi da na saman dam, kuma ka rubuta ranar da ka ciro ta a takarda don awannin da tayi a aljihunka ma tana rubutawa, ni na taɓa tsorata na zaci kogi ne yayi zazzaɓi ashe ɗumin cinyata ne.