Keke a damina ko keke a rani: amsa ga ɗan'uwan da ya sayi dokin ƙarfe

Ɗan'uwa, ka ce da bazarar nan ka sayi keken hawan dutse na gwanjo, mai giya da faffaɗar taya, ka sha yawo da shi a hanyoyin ƙauyukanku, yanzu kuma ga ruwa ya sauka. Kana tambaya ko ka jingine shi a zaure sai kaka, ko kuwa akwai wani daɗi a hawan keke cikin ruwa da taɓo da ya kai na rani. Ni dai amsata ita ce kada ka jingine shi. Damina ta fi rani daɗin hawa nesa ba kusa ba. Sai dai wannan magana tana da sharaɗi guda, kuma sharaɗin yana ƙarƙashin tayarka: wace irin ƙasa ce kake takawa?

Bari in fara ba rani haƙƙinsa. Da rani ba inda ba ya biyuwa. Rafin da ya hana ka wucewa a watan Agusta, a watan Fabrairu yashi ne kawai ka tura ka haye. An kwashe amfanin gona, fili ya buɗe, kana iya yanke hanya ta inda ka so ba ka taka shukar kowa ba. Keke yana dawowa gida da ƙura kawai, ka kaɗe da tsumma shi ke nan. Safiyar hunturu ma tana da nata armashi, in ka ɗaura rawani ko ƙyalle ka rufe hanci. To amma duk wanda ya hau keke a ƙasar Gumel, Ɓaɓura ko Ɗambatta a watan Afrilu ya san abin da rairayi yake yi wa mutum. Tayar gaba ta nutse, kan keken ya riƙa fizgewa hagu da dama, kana taka feda da iya ƙarfinka amma kamar ana riƙe ka ta baya. Ga zafin da yake haura digiri 40, ga busasshen tsidau a bakin hanya da yake kai ka wajen mai faci sau biyu a mako. Hawan rani a jigawa, wato ƙasa mai rairayi, wahala ce da ake jurewa, ba nishaɗi ba.

Yanzu ɗauki wannan hanyar dai, a ce an kwana ana ruwa, ka fito bayan sallar asuba gari ya ɗan waye. Yashin nan da ya wahalar da kai ya sha ruwa ya kwanta, ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. Taya tana bi a kansa da wani ɗan sauti siririn, ba ta nutsewa, ba ta zamewa, in ka waiga sai ka ga zanen haƙoranta a kwance tar a bayanka. Dalilin a bayyane yake: ruwa yana haɗe ƙwayoyin yashi su riƙe juna, kuma yashi ba ya tara ruwa a sama, yana shanye shi nan da nan. Shi ya sa mutanen jigawa suka fi kowa sa'ar damina a kan keke. Na tuna wata safiya a wata hanyar gona tsakanin Kiyawa da Dutse, gero ya kai kafaɗa a dama da hagu, ganyensa yana shafa min hannu yana zubo raɓa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci, kwaɗi suna ta kuka a kududdufi, can gaba kuma duwatsun Dutse sun yi baƙi wuluk saboda jiƙa. Na yi tafiyar fiye da awa guda ban ji ƙishirwa ba. Na iso gida bayan rigata duk feshin jar ƙasa tun daga ƙugu har wuya, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin keke kamar ranar ba.

Feshin nan ma wani ɓangare ne na daɗin. Akwai abin da yake faranta ran babban mutum idan ya ratsa ɗan ruwan da bai wuce idon sawu ba, ruwan ya tsage gida biyu, sanyinsa ya taɓa ƙafa. In yayyafi ya same ka a hanya, jiki ya riga ya ɗumama da taka feda, to ba ka jin sanyinsa, sai dai ka ji kamar ana yi maka fifita.

Laka kuwa wata duniya ce daban, kuma a nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Ƙasar fadama, irin ta wajen Auyo da Haɗejia, ko ta gonakin shinkafa a Kura da Kadawa, baƙa ce mai danƙo. Da rani takan bushe ta tsattsage, ta yi tauri, ka bi ta da gudu sai dai girgiza. Da ta sha ruwa kuwa ta zama tarko. Na taɓa shiga irinta a kan hanyar wata fadama, sa'o'i kaɗan bayan ruwa ya ɗauke. Taku ashirin na farko lafiya. Daga nan laka ta fara naɗewa a taya, kowane juyi tana ƙara kauri, tana kwaso ciyawa da karmami, har ta cika tsakanin taya da ƙarfen keken. Tayar baya ta tsaya cak. Na sauka, takalmina ma kowanne ya ɗauki nasa kason. Na samu kara na yi ta ƙwaƙule lakar, in tura taku goma ta sake cikewa. Keken da nake ɗagawa da hannu ɗaya ya zama sai na sa kafaɗa. Wani dattijo da yake dawowa daga gona da amalanken shanu ne ya tsaya ya ce, "Ɗana, wannan ƙasar ba a shigarta yau, sai ta kwana biyu ta sha iska. Ɗora shi nan." Na ce, "Na gode, Baba," muka ɗora. Maganarsa ita ce ƙa'idar da nake bi har yanzu. Akwai haɗari na biyu ma a laka: idan ta shiga ƙaramin ƙarfen nan mai sauya giya a baya kuma ka dage da taka feda, yana iya lanƙwashewa ya faɗa cikin wayoyin wili, kuma samun irinsa a kasuwar ƙauye ba abu ne mai sauƙi ba.

Saboda haka idan ka ji ana cewa hawa cikin taɓo akwai daɗi, ka tambayi wane taɓon. Caɓi mai ruwa-ruwa, wanda yake fantsama ya zube, wannan abokin wasa ne, yana koya maka riƙe keke idan bayansa ya ɗan goce. Laka mai kama taya kuwa, ko a Beljiyam, inda tseren keke cikin taɓo yake tara dubban 'yan kallo a lokacin sanyinsu, za ka ga gwanaye suna saɓa keken a kafaɗa suna gudu da ƙafa, kuma suna da keke na biyu da ake wanke musu suna musanyawa a tsakiyar tsere. Kai da kekenka ɗaya tilo ba ka da wannan gatan.

Sai duwatsu, waɗanda domin su aka ƙera keken tun farko. Wasan ya samo asali ne a shekarun 1970 a tsaunukan Kalifoniya ta Amurka, inda samari suka riƙa gangarowa da tsofaffin kekuna masu kaurin taya, har ya shiga gasar Olamfik a 1996 a Atlanta. Mu ma muna da wuraren da suka dace da shi: duwatsun Dutse da Birnin Kudu, tuddan Kazaure, duwatsun Rano, da Riruwai can kudancin Kano inda ruwa ya fi yawa. A nan kam rani ya fi aminci. Busasshen dutse yana kama roba sosai, kana iya hawa gangaren da ido zai ce ba zai hawu ba. Jiƙaƙƙen dutse, musamman inda ruwa yake bi har gansakuka ta fito, santsinsa kamar an zuba kuɓewa. Haka saiwar bishiya da ta fito a hanya. Wanda ya ƙware yana jin daɗin wannan ƙwarai, domin a nan gwaninta take bayyana. A 2011, a Champéry ta ƙasar Suwizalan, wani matashi ɗan Ingila, Danny Hart, ya ci gasar duniya ta gangarowa daga tsauni ana tsuga ruwa, ya ba na biyu tazarar fiye da daƙiƙa 11, a wasan da sau da yawa ƙasa da daƙiƙa guda ke raba na ɗaya da na biyu. Kai da wannan ce daminarka ta farko, ka fara da hanyoyin tsakuwa da marmara da suke zagaye gindin dutse. Su ne suka fi kowace ƙasa kyau bayan ruwa, ba ƙura, ba danƙo. Ka rage iskar taya kaɗan yadda in ka danna da babban yatsa za ta ɗan lotsa, ka kama birki tun kafin kwana ba a tsakiyarta ba, ka sassauta na gaba a wuri mai santsi, in za ka gangara ka ja jikinka baya da sirdi. Hular kwano kuma ba ta zama a gida.

Ta fuskar aljihu, rani ya yi nasara, ba gardama. Ruwa da yashi idan suka haɗu suna cin ƙarfe kamar ana goga shi a dutsen wasa wuƙa. Idan birkinka irin na roba ne mai matse gefen wili, za ka lura da abu biyu: a cikin ruwa ba ya kamawa nan take sai wilin ya yi juyi ɗaya ko biyu ya share ruwan, sannan robar tana ƙarewa da sauri har ta fara cin wilin kansa. Birki mai faifai a tsakiyar wili ya fi shi nesa a damina, domin yana can sama da taɓo, amma ka kiyaye kada mai ya taɓa faifan. Sarƙa ita ce ta fi shan wuya. Duk ranar da ka dawo, kafin ka yi wanka ka yi wa keken nasa: bokitin ruwa, tsohon buroshi, tsumma. Ka goge sarƙar ta bushe, ka ɗiga mata mai kaɗan, ka share na sama. Kada ka kai shi wajen masu wankin mota su buga masa ruwan inji, ƙarfin ruwan yana kore giris daga cikin boris ya tura yashi a madadinsa. Baƙin man da masu gyara suke laftawa a sarƙa kuma, yashi yake tarawa ya zama kamar ƙullu. Minti goma sha biyar ne aikin, amma wanda ya yi ƙyuyarsa zai sayi sarƙa da haƙoran giya kafin a yanke gero.

Wani abin lura: madigadin ƙarfe mai rufe taya ruf, irin na Phoenix da Raleigh na iyayenmu, yana kare riga a kan kwalta, amma a laka shi ne yake fara cikewa. Ina girmama waɗannan kekuna, na ga manoma suna ɗora musu buhun taki suna ratsa hanyoyin da mu masu giya muke tsoro. Ga naka keken, ɗan guntun roba a ƙarƙashin sirdi da wani a gaba sun isa.

Akwai abubuwan da ba na yin ciniki a kansu, kuma duk na damina ne. Ruwa mai gudu ba a shigarsa da keke, ko da kuwa ka san hanyar kamar tafin hannunka, domin ba ka san abin da ruwan jiya ya zaftare a ƙasa ba. Mu a Jigawa mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi, rayuka da gonaki da gadoji, kuma Kogin Haɗejia yana iya cika ko da a garinku ba a yi ruwa ba, saboda ruwan da yake gangarowa daga wajen Tiga da Challawa. Idan hadari ya haɗo da walƙiya da tsawa, ka sauka daga kan dutse ko fili, ka nemi gini, kada ka fake a gindin bishiyar da take tsaye ita kaɗai. Kada kuma ka tsaya wanke keke ko ƙafa a kududdufi da ruwan fadama da ya kwanta. Tsargiya ta nan take shiga, ƙwayarta tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi ta huda fata, sai daga baya mutum ya ga jini a fitsari. In za ka nufi wajen dajin Falgore ko Riruwai, ka tafi da abokai, ka kuma tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki.

Sannan haƙƙin manoma. Abin da muke yi don nishaɗi, a kan hanyar abincin wasu muke yinsa. Da damina ba a yanke ta cikin gona, ba a taka kunya, ba a kauce wa taɓo ta hanyar hawa kan gyaɗa ko riɗin wani. In hanya ta cika da ruwa mara zurfi, ka bi tsakiyarta ko ka sauka ka tura. In ka haɗu da garken shanu a burtali ka tsaya su wuce, ka yi wa makiyayin sallama.

Don haka ga yadda nake tsara tawa daminar. Farkonta, Yuni zuwa Yuli, ina hawa kusan kullum, domin ƙasa tana da ƙishirwa tana shanye ruwa da wuri. Idan marka ta kama a Agusta, ina barin fadama gaba ɗaya in koma jigawa da hanyoyin marmara. Kai ma ka fara duba ƙasar ƙauyenku: ka debi jiƙaƙƙiyar ƙasar hanya ka dunƙula a tafin hannu. In ta wargaje, hau kekenka gobe da sassafe. In ta dunƙulu kamar ƙwallo ta manne maka a yatsu, ka ba ta kwana biyun da Baba mai amalanke ya ce.