Wasiƙa daga Landan: gidan tarihin da ba a biyan kuɗin ƙofa

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya sanyin Jos? A gaida mini Inna da duk mutanen Gangare.

Kin tambayi yadda rayuwa take a nan. Tsada kam ba a cewa komai. Haya ke cinye albashi, doya guda a shagon 'yan Afirka sai in ɗauka in lissafa da naira in mayar. Dankalinsu kuwa duk girmansa bai kama ƙafar na Bokkos a ɗanɗano ba. Amma akwai abin da na gani wanda ya tsaya mini a rai.

Ran Asabar na kai yara British Museum, babban gidan tarihin nan na Landan. A bakin ƙofa ina ta laluben kuɗi a jaka, mai gadi ya leƙa jakar kawai ya ce mu wuce. Ko kwabo ba mu biya ba. Tun 2001 aka soke kuɗin shiga a manyan gidajen tarihin gwamnati da ke karɓa a da. Ma'aikatar al'adunsu ce ke ware musu kaso daga harajin jama'a, su kuma su cike da sayar da shayi da tsaraba da tikitin nuni na musamman. Wani kason gyaran kayan tarihi daga cacar ƙasa yake fitowa, wannan dai ba na fatan mu kwaikwaya.

Da muka sauka ƙasa, ɗakin Afirka, sai ga tagullar Benin jere, wadda sojojin Ingila suka kwaso a 1897. Kowace da takardar bayaninta, da fitila a kanta. 'Yan makaranta na tsugune da fensir suna zanawa. Babbar 'yata ta ce, "Mama, mu ma muna da irin wannan a gida?" Yaya, sai da idona ya ciko.

Muna da shi mana! Gidan tarihin Jos tun 1952 aka buɗe shi, da ƙoƙarin Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, kuma can ake ajiye da kawunan gumakan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok da masu haƙar kuza suka tono, waɗanda suka haura shekara 2,000. Ga filin gine-ginen gargajiya da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, ga tsofaffin littattafan Larabci rubutun hannu. Kin tuna ran Sallah idan Baba ya kai mu, gudu muke yi gidan zu mu kalli birai, ba mu ko leƙa ciki.

Na ji daɗi da aka kafa wa fasaha da al'adu ma'aikata tasu a 2023, aka ba Hannatu Musawa, ga kuma tagullar da Jamus ta dawo da ita Abuja a Disambar 2022. Amma ni buƙatata ƙarama ce. A riƙa yaɓe ginin ƙasa kafin damina, a biya masu kula da wurin a kan kari, a sa bayani da Hausa da Berom kusa da na Turanci, kowace firamare kuma ta samu ranar da za ta kai yara kyauta. Bikin rawa a Abuja ba zai yi wannan aikin ba.

Don Allah a hutun nan ki kai yaranki, ku fara da ɗakin Nok kafin gidan zu. Ki ɗauko mini hotuna idan an yarda, zan nuna wa nawa. Kuɗin Keke na wuyana.

Ƙanwarki.