Fam ɗin mai ya sa na sake ganin girman Fijo 504

Motar iyali ta zamani, 'yar Kwatano mai kujeru bakwai, ta mace a cunkoson Kawo a Kaduna ba tare da wata alama ba. Batir garau, sitata na juyawa, inji ya ƙi tashi. Fam ɗin mai ne ya ƙone.

Abin haushin, a cikin tanki yake zaune, kuma fetur ɗin da ya nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Duk mai sayen lita biyar-biyar yana yawo da wutar ƙarancin mai a kunne, gasa fam ɗinsa yake yi. Ga dattin man bumburutu da ke toshe rariyar gindinsa. Idan ka murɗa makulli ba ka ji ɗan ƙugin daƙiƙa biyu daga baya ba, fara duba fiyus da rile, wato makunnin da ke ba fam wuta. In suna lafiya, to sai janwe, a irin wannan motar kuma sai sauke tanki. Kada kuma araha ta ruɗe ka: nozul mai fesa mai a inji na son matsin da ya kai ma'aunin bar 3 ko fiye, fam na jabu ba ya riƙe shi, mota ta riƙa shaƙewa a hawa.

Peugeot 504 kuwa, irin wadda aka harhaɗa a Kakuri tun daga 1975, nata fam ɗin a gefen inji yake, noti biyu ke riƙe da shi, injin ne ke kaɗa shi. Kafiretonta, mai haɗa mai da iska, ba ya son matsi mai yawa. Yaron gareji da sifana zai canza shi a bakin titi kafin shayi ya huce. Ga tsayi daga ƙasa, ramukan Rigasa da damina ba sa ba ta tsoro.

To amma gaskiya ɗaya ce. Fijo na shan mai, tsatsa takan ci ƙasanta, kwantak mai kula da wutar fulogi kuma kullum sai an daidaita tazararsa a milimita 0.4. Kayanta na asali sun yi wuya, ko a Panteka sai ka yi yawo. Babu jakar iska, babu birkin ABS, yawancinsu babu esi, a zafin Afrilu yara za su gaya maka. Tafiyar Zariya da iyali, ta zamani zan ɗauka.

Sai dai har yanzu raina na ɓaci: a ce abin da bai wuce tafin hannu ba sai an sauke tanki kafin a taɓa shi! Mai irin wannan motar, kada mai ya sauka ƙasa da kwatan tanki.