Wace masara za ka auna a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe?

Ba duk farar masara ce ɗaya ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayar sitaci ne, shi kuwa iri biyu ne: amilos, wanda ke jinkirin narkewa a ciki, da amilofektin mai saurin narkewa. A masarar da muke ci amilos wajen kashi 25 ne kawai. To amma a kasuwa babu mai auna maka wannan, taurin ƙwaya za ka duba.

Ni fara mai tauri nake saye, wadda in ka fasa ta da haƙori za ka ga cikinta yana ƙyalli kamar gilashi, garin ɗan kaɗan ne a tsakiya. Sitacinta a dunƙule yake cikin furotin, shi ya sa ciki ba ya gama da ita nan da nan. Tana jure surfe ba ta farfashewa, tana ba da tsaki mai kyau, ƙwari kuma ba sa saurin huda ta a ajiya. Tuwonta yana riƙe ciki har la'asar. In ya kwana ya zama ɗumame, wani ɓangare na amilos ɗin ya sake ɗaurewa, narkewar ta ƙara jinkiri. Mai ciwon suga dai kada ya ɗauki wannan a matsayin izinin cika kwano, niƙa mai laushi tana rage wannan amfanin sosai.

Mai taushi, mai yawan gari? Ta koko ce, ƙwari kuma na son ta. Ja ko rawaya a bar wa masu kaji, tana ƙawata gwaiduwa, sai dai irin mai ruwan lemo da aka inganta da bitamin A, ita kam a ba yara. Masarar SAMMAZ 14 ta cibiyar binciken noma ta Samaru ingancin furotin ne darajarta, ba sitaci ba.

Algus shi ne babbar matsala. An taɓa sayar mini buhu, sama tsaf, tsakiya tsohuwar masara mai huji, wadda ƙwari suka cinye garinta suka bar ɓawo. Tun daga nan sai an zazzage buhu a gabana. Tura hannu can ƙasa. In ka ji ɗumi ko danshi, bari, wasu na yayyafa ruwa don nauyi. Busasshiya ƙaras take yi a haƙori, in ka watsa ta a kwano tana amo. Shinshina kuma: warin magani yana nufin an zuba maganin ƙwari, warin ruma ya fi haɗari. Ƙwaya mai kore-kore ko baƙi tana iya ɗauke da gubar afulatoksin, wadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Ko da rabin kuɗi aka ce maka, ko kaji kada ka saya wa, gubar tana taɓa hantarsu. Ka kuma kifa mudun ka duba gindinsa kafin a fara awo.