Ajin matan aure na unguwarmu: abin da na gani bayan shekara guda

Shekara guda ke nan da na kai yayata ajin yaƙi da jahilci na matan aure, wanda ake gudanarwa a wata makarantar firamare ta unguwarmu a Kano daga la'asar zuwa gab da magariba. Ta daɗe tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a cikin gida, amma da yake tun tana aji uku aka cire ta daga makaranta, duk lissafinta a ka yake, kuma sau da yawa takan cinye uwar kuɗi tana zaton riba ce.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda malamar lissafi ta ɗora darasi a kan sana'ar kowace ɗaliba. Ta sa yayata ta rubuta kuɗin kwanon gyaɗa, da na niƙa, da na itace, da na ledar ƙulli, sannan ta cire jimlar daga cinikin rana. A nan ne ta gano cewa bashin maƙwabta da ba a rubutawa shi ne yake karya mata jari. Yanzu tana da littafin bashi da asusun banki, kuma da kanta take karanta saƙon shigar kuɗi a waya, abin da ya gagare ta a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, har masu saye suka koma wani gidan. Da cinikin ya daidaita, masu shago biyu suka fara sarar man a gida, sai ta sauke wa 'yarta farantin talla ta mayar da ita makaranta, kuma wannan ne ya fi komai faranta mini rai.

Irin wannan riba idan ta taru a gidaje dubbai ita ce take ɗaga arzikin ƙasa. Bangladesh ta fara biyan tallafin karatun sakandare ga 'yan matan karkara a 1994, kuma mata masu karatu suna cikin ƙashin bayan masana'antun tufafi da ƙasar ta dogara da su wajen samun kuɗin waje. Mu ma Kano tana da hukumar ilimin manya tun 1980, zamanin gwamna Abubakar Rimi, saboda haka tushen yana nan.

Sai dai ajin yana da gyara. Bencinan yara ne, sun yi wa manya ƙanƙanta, kuma kekunan ɗinki sun yi kaɗan, har mace takan yi mako ba ta taɓa keke ba. Babbar matsalar ita ce rashin wurin ajiye yara, domin na ga masu goyo da dama sun daina zuwa tun kafin zango na biyu, alhali su ne suka fi bukatar karatun. Duk da haka na sake yi wa yayata rajistar shekara ta biyu, kuma a wannan karon da kuɗin man gyaɗarta ta sayi littattafanta.