Audi A4 quattro ta 2004: shekara huɗu ina kula da ita a ƙofar gida

Ranar da na shigo da ita layinmu, wani dattijo maƙwabcina da ya daɗe yana harkar motoci ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Malam, ka sayo wa kanka aiki. Motar Jamus ba ta mai albashi ba ce." Haka ake faɗa a nan Kano, kuma ban ga laifin masu faɗa ba, tun da kowa ya saba da motar Japan wadda kowane gareji ya san cikinta da bayanta. Yau shekara huɗu ke nan tana hannuna. Abin da na gani shi ne, motar ba rigimammiya ba ce. Tana da abubuwan da take so, mai da ruwa da taya, kuma ba ta karɓar madadinsu.

Tawa 'yar Beljiyam ce, injin 1.8 mai turbo, silinda huɗu, giyar hannu. Na saye ta ne saboda hanyar ƙauyenmu, wadda da damina ta sauka sai ta koma taɓo. Tsarin nan na quattro, wato ja da ƙafa huɗu, Audi ta fito da shi ne a bikin nuna motoci na Janeba a 1980. A irin tawa babu wani maɓalli da za ka danna, kullum ƙafafun huɗu suna ja. A tsakiya akwai wata haɗakar haƙoran ƙarfe da ake kira Torsen, wadda ke raba ƙarfin injin rabi gaba rabi baya, idan ɓangare ɗaya ya fara sulɓi sai ta karkata ƙarfin ga wanda ya kama ƙasa. Na sha wucewa a wuraren da na tarar ana tura wasu motoci. Amma fa ba jif ba ce. Cikinta a ƙasa yake, kwari mai zurfi ko tudun hanya mai tsini zai daki kaskon mai idan ba ka lallaɓa ba.

Darasina na farko a kan taya ne. Tayar baya ta fashe mini a hanyar Zariya, mai faci ya sa mini wata ta hannu wadda ta ɗan fi sauran tsayi, ya ce ba komai. A motar da ke ja da ƙafa biyu wataƙila a tsira. A wannan kuwa, taya ɗaya da ta bambanta tana nufin gaba da baya ba sa juyawa daidai, sai Torsen ya dinga aiki ba hutu ko a kan miƙaƙƙiyar kwalta. Cikin mako guda na fara jin wani gurnani daga ƙasa. Na daure na sayi huɗu iri ɗaya, lamba ɗaya, gurnanin ya ɗauke. Tun daga nan nake duba lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, sannan ina auna iska kowace Juma'a da safe kafin tayar ta yi zafi. Idan motar ta mutu a hanya kuma, kada ka yarda a ɗaga gabanta a ja ta bayanta na ƙasa. A ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗauka.

Abin da ya fi ceton aljihuna wata 'yar na'ura ce mai karanta kwamfutar mota, ana soka ta a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya. Wata safiya injin ya kama karkarwa, fitilar gargaɗi tana ƙyaftawa. Da a da ne, da an ce a wanke nozul, a canza famfon mai, a canza fulogi, har a dace. Na'urar ta nuna P0302, ma'ana silinda ta biyu ba ta cin wuta. Kowace silinda tana da koyil nata a kan fulogi, don haka na cire na biyu na musanya shi da na uku, na tayar. Lambar ta koma P0303. Ciwon ya bi koyil ke nan. Guda ɗaya na saya, aikin minti goma. Wani lokaci kuma ta ba ni P0171, wato iskar da ke shiga injin ta fi fetur yawa. Na bi robobin da ke kewaye da injin da hannu ɗaya bayan ɗaya, na sami wata da zafi da shekaru suka busar har ta tsage ta ƙasa. Sai dai a sani, ƙaramar na'ura irin tawa injin kaɗai take karantawa. Matsalar birkin ABS ko jakar iska sai an je wurin mai VCDS a kwamfuta, wato manhajar binciken motocin Audi da Volkswagen.

Baƙin mai shi ne ran wannan injin. Turbo yana dafa mai sosai, kaskon man kuma ba shi da girma, kusan lita huɗu yake ci. Idan ana zuba mai na gama-gari ana kuma jinkirta juye, sai ya daskare ya zama kamar kwalta, ya toshe ragar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Ni 5W-40 nake zubawa, wanda aka rubuta VW 502 00 a jikin galan, kuma ba na wuce kilomita 5,000, saboda zafinmu da ƙurar hunturu. Da kaina nake juyewa. In na dawo daga doguwar tafiya nakan bar injin ya yi minti ɗaya yana aiki kafin in kashe. Jar fitilar mai kuwa in ta kama, a nan take ake tsayawa, ba a cewa bari in ƙarasa gida.

Ruwan lagireto nata mai ruwan hoda ne, G12, ba a gauraya shi da kore, ba a kuma cika shi da ruwan rijiya. Man sitiyari shi kuma kore ne. Wannan ya taɓa ƙona mini rai: wani yaron gareji, da kyakkyawar niyya, ya ƙara mini jan man giya a ciki don haka ya saba yi wa sauran motoci. Bayan 'yan watanni sitiyarin ya fara kuka yana zubar da mai. Yanzu galan ɗina yana but, ba mai buɗe murfin sai ina tsaye.

Akwai wani abu ƙarami da nake roƙon duk mai irin motar nan ya duba kafin ruwan farko. Batir yana zaune ne a wani kwarmi tsakanin injin da gilashin gaba, a ƙarƙashinsa akwai ƙofar da ruwan sama ke fita. Ni a ƙarƙashin darbejiya nake ajiye mota, ganye ya taru ya toshe ƙofar. Ruwa ya cika kwarmin ya gangaro cikin mota, ƙarƙashin kafet ɗin direba, inda akwatin da ke sarrafa gilasai da makullin ƙofofi yake. Sai ga gilashi yana sauka da kansa cikin dare. Allah ya taimake ni na gano da wuri, na ciro akwatin na shanya, na goge wayoyin. Yanzu duk watan Mayu nakan cire batir in zura waya in buɗe ƙofar.

Ayyuka biyu na bar wa bakanike. Na farko bel ɗin taimin, don sai an cire bamba an jawo fuskar motar gaba kafin hannu ya kai, kuma idan ya tsinke fistin zai daki bawul, injin ya tashi aiki. Tare da famfon ruwa na sa aka canza, tun da wuri ɗaya suke. Na biyu hannuwan ƙafar gaba. Guda takwas ne, huɗu kowane gefe, su ne sirrin yadda take kwanciya a kwana, su ne kuma gargada ke fara cinyewa. Wanda ya yi mini aikin ya san sana'arsa, sai da ya sauke motar ta zauna da nauyinta sannan ya ƙarasa ɗaure notocin, don kada robobin su murɗe su yage da wuri. Wanda zai taɓa ta a gida ya tanadi sifanu masu bakin tauraro, kuma kada ya shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita.

Tana shan fetur fiye da takwararta mai ja da ƙafa biyu, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ina jin hakan a jikina. Kayan gyara ana samu a Ƙofar Ruwa, amma da lambar kayan nake zuwa, wadda ke rubuce a jikin tsohon. Wanda a cikin gari kaɗai yake yawo, kuma ba ya son buɗe bonet, ban ba shi shawarar saye ba. Ni dai ba ni da niyyar sayarwa. Jiya ma na hango robar shaf ta gaban dama ta fara tsagewa tana fesa giris, na riga na sayo sabuwa, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan sa ta kafin yashi ya shiga.